Kalma ta Biyu a Bakin Kanal

Jiya na tarar da 'yata a bakin babban kanal na ruwan noman rani a Kadawa, ta sunkuya za ta ciro takalminta, ruwa kuwa ya cika yana gudu. Na fizgo ta har sai da ta yi kuka. Nan take Kaka ya faɗo mini a rai.

Tsohon malamin firamare ne, ba ya yarda a ce kalmomin Turanci biyu ma'anarsu ɗaya. Ina aji shida na tambaye shi bambancin "sink" da "drown", tunda mu duk nutsewa muke cewa. Ya kawo ni wurin nan, ya jefa dutse, ruwan ya haɗiye shi.

"Ta farko ke nan, amaryata."

"Ta biyun fa, Kaka?"

Ya damƙe wuyan hannuna. Tafinsa sanyi ƙalau, warin laka ya cika mini hanci.

"Ta biyun sai mai rai. Ita ta ɗauke ƙanin babanki, a nan inda kike tsaye."

Har yau ba na iya furta ta. Allah Ya jiƙan Kaka, Ya sa 'ya'yana a littafi kaɗai za su san ta.