Aron Gwado

Shekarar da mutanen arewa da ke ƙarƙashin mulkin Faransa suka yi ta kwararowa wajenmu suna gudun aikin tilas, a shekarar na san cewa ƙaya ma kayan aiki ce. Har yau in na bi ta gindin aduwa na ga ƙayarta a ƙasa, sai in duƙa in ɗauka in jujjuya ta a hannu, jikokina suna yi mini dariya. Bari in ba ka labarin, mai karatu, in ya so kai ma ka yi dariyar in ka ga dama.

Ƙauyenmu yana kusa da kufan Alƙalawa. Ina yaro a lokacin, ban daɗe da fara riƙe allo ba, kuma ba a hana ni shiga ɗakin mata ba tukuna. Kakata, wadda ta haifi babana, ita ce abokiyar hirata. Ba ta kirana sai da "maigida", in na kawo mata ruwa ta ce miji nagari, in na ƙi ta ce za ta kai ƙarata wurin alƙali. Tana da wata gwaninta da ba kasafai mata ke da ita ba a wancan zamani. Mata kaɗi suke yi, ɗinki na maza ne. Amma ubanta maɗinkin lifidin dawaki ne, bai sami ɗa namiji ba, sai ya zaunar da autarsa a gefensa, ta koyi yadda ake shimfiɗa auduga tsakanin ƙyalle biyu a bi ta da allura har ta kwanta.

Bayan an gama yankan gero, ɗari ya fara shigowa, sai ga wata tsohuwa a ƙofar gidanmu da wani saurayi a bayanta. Yayar kakata ce, wadda ke aure can arewa wajen Tsibiri. Saurayin jikanta ne, ta rako shi ya fake a wurinmu kada a kama shi. Ita kuwa ba zama ta zo yi ba, ta bar tsoho ba lafiya a gida. Ta ce in fatake sun ci kasuwar Isa sun juyo, za ta bi su ta koma.

Tun ranar da ta sauka na ga kakata ta canza. Da na matsa mata da tambaya sai ta gaya mini. A wata shekarar yunwa, babana yana goye, ta tafi wurin yayar tata neman abin da za ta sa a baki. Da za ta dawo ɗari ya tsananta, jaririn yana tari. Yayar tana da gwado guda ɗaya tak, wanda ta kaɗa zarensa da hannunta, mai jan layi a gefe. Kakata ta ce, "Ara mini, in na kai yaro gida in aiko miki." Ba ta aika ba. Gwadon ya rufe babana, ya rufe ƙannensa, ya tsufa ya yayyage. Hanya ta yi wuya, shekaru suka wuce.

"To, ai ta manta," in ji ni.

"Ita ta manta, maigida. Ni da bakina na ce aro. Za ni kabari da kayan mutane?"

Ta san wannan ganin shi ne na ƙarshe, dukansu sun tsufa. Saboda haka ta ƙudura sai ta ɗinka mata bargon auduga kafin fatake su juyo, kuma a ɓoye, don in yayar ta ji za ta hana.

A bayan rumbu muke aikin, da hantsi, lokacin da baƙuwa ke zagayen gaisuwa. Ina iya jin warin wurin har yanzu, na ƙaiƙayi da na kakin zuman da take goga wa zare. Ta haɗa tsofaffin zannuwanta biyu, ta cusa audugar da ta saɓe, ta bi da ɗinki layi layi. Wannan bai ba ta wahala ba. Saura baki. Bakin bargo shi ne ransa: ana yanko ƙyalle dogo siriri, a naɗe shi a gefen, rabi sama rabi ƙasa, a kalmashe, a danne da babban yatsan hagu, allura tana bi. In ba a yi haka ba, auduga za ta yi ta zubewa har bargon ya zama fanko.

Ana nan sai karkare ya kama ta a wannan yatsan. Ya kumbura ya yi suntum, ko iska ta taɓa shi sai ta runtse ido. Wanzami ya zo ya tsaga, ya ce kada ta yi aiki da shi.

Babu dabarar da ba ta gwada ba. Ta maƙale ƙarshen ƙyallen da yatsan ƙafa, ya miƙe, amma kalmasar ta buɗe. Ta jera duwatsu, allura ta rasa hanya. Ta shafa talge ta liƙe ta shanya, muna juya baya kaji suka tsattsage. Can sai ta ce ubanta in ba shi da mai taya shi, ƙayar aduwa yake sa wa. Ta aike ni. Na koyi zaɓe: ɗanya tana lanƙwashewa, wadda ta bushe sosai tana karyewa, sai mai tsaka-tsaki, doguwa, mai santsi. Ta kalmashe da hannun dama, ni in soka ƙaya a gicciye, taƙi ɗaya ƙaya ɗaya. Tana ɗinki tana zarewa tana tarawa a ƙoƙo, don kada wata ta saura a ciki. Haka muka gama gefe uku, yatsuna duk sun huhhuje.

Da muka zo gefe na huɗu sai ta shiga ɗaki ta fito da wani ƙulli. Ragowar tsohon gwadon ne, tsiri ɗaya mai jan layi, wanda ta adana duk shekarun nan. Da shi take so ta rufe bakin da zai kwanta a wuyan yayarta. Na soka ƙaya ta farko, ƙyallen ya tsage. Ya ruɓe da tsufa, ba ya ɗaukar huji sai na siririyar allura. Ta ce in riƙe da hannu. Na riƙe, amma yatsun yaro gajeru ne, nan da nan suke gajiya, kalmasar tana zamewa, auduga tana leƙowa. Ta warware ta sake, ta warware ta sake, kowace warwara tana cin tsirin. Ran nan aka ce fatake sun iso, da safe za su wuce. Kakata ta ajiye allura ta zuba wa bargon ido.

"Mi kuke ɓoyo nan, ke da mijin naki?"

Yayar ce tsaye da sandarta. Ashe ta lura da yatsuna wajen cin tuwo, ta biyo sawu. Ta duƙa da ƙyar ta ɗauki tsirin, ta kai shi kusa da idonta, ta murza jan layin.

"Wanga zarena ne."

"Naki ne, Yaya."

"Auta, ke dai ba ki da hankali tun kina ƙarama. Wa ya ce miki bashi ne? Ɗana na rufe."

"Ni na ce. Aro na ce miki."

"To, ni ban ji ba."

"Allah ya ji."

Tsohuwar ta dubi yatsan da ke naɗe da tsumma, ta dubi ƙoƙon ƙaya, sai ta zungure ni da sanda. "Tashi, kai. Miji ne ko riƙon ƙyalle bai iya ba." Ta zauna, gwiwarta tana gugar ta ƙanwarta, ta ja bargon kan cinyoyinsu. Ta kalmashe tsirin da yatsu huɗu, a hankali, kamar mai riƙe ɗan tsako. Kakata ta soka allura. In allura ta matso, yatsun su ja baya kaɗan, ba wanda ya ce wa wani matsa. Ashe haka suke yi wa ubansu suna yara, babbar ta riƙe, ƙaramar ta ɗinka. Suna yi suna gardama a kan wadda ta fi shan duka a wurinsa. Da suka zo kusurwa, yayar ta ninke ta da farce ta ce, "Nan kullum kike ɓatawa." Kafin la'asar aka ƙulle zare.

Yanzu keken ɗinki ya cika kasuwar Isa, tela yana da fil cike da gwangwani, bargo kuwa saye ake yi a ninke. Alhamdu lillahi, sauƙi ne Allah ya kawo, ban raina ba. Sai dai ban ƙara ganin aikin da ya tilasta wa mutum biyu su zauna gwiwa da gwiwa haka ba, kuma ina gode wa Allah da ya sa ƙayata ta gaza a wannan gefen.

Washegarin gama bargon, da safe aka ɗaura wa jakuna kaya. Tsohuwar ta fito lulluɓe da bargon, jan layin a wuyanta. Daga ranar ba su sake ganin juna ba. Kakata ta raka ta har bakin gari, tana riƙe da hannuna, sannan ta tsaya.

"Faɗi da bakinki, Yaya, yaro shi ji."

Tsohuwar ta gyara lulluɓinta. "Na karɓi gwadona, Auta. Ba ni bin ki komi, duniya da lahira." Ta ɗan taka, sai ta waiwayo. "Amma kin daɗe."

Kakata ta yi dariya har ta kai gefen zanenta ga ido.