Na'urar Gano Kifi da Idon Abokina

Shekarun baya, lokacin ina zaune a Springfield, ni da wani abokina mutumin Gaya ta Nijar muka haɗa hannu muka sayi tsohon jirgin ruwa mai inji. Ya girme ni sosai, shi ya sa nake ce masa Yaya. Tasi yake tuƙawa, amma a bakin kogi ya tashi. Ni kuwa Bakano ne, ruwan da na sani bai wuce na bokiti ba. Duk Asabar bayan sallar asuba sai mu nufi kogin Potomac kamun tarwaɗa.

Jirgin ya zo da na'urar gano kifi, mai ɗan allo da ke nuna zurfin ruwa da inda kifi ya taru. Shekara biyu tana aiki lafiya, sai hoton ya fara lalacewa, ɗige-ɗige kamar tsohuwar talabijin, ƙasan kogin ya ɓace ya dawo.

Nan na naɗa kaina injiniya. Na kankare tsatsar wayoyi, na sauya batir, na tattaɓa duk wani maɓalli har na mayar da rubutun na'urar wani yare da ban sani ba. Yaya yana gefe yana ta dariya. Sai daga baya wani tsoho a wurin ajiye jirage ya ce mu duba ɗan abin da ke ƙarƙashin jirgin, wanda ke aika sauti cikin ruwa. Ashe gansakuka ce ta rufe shi, ga shi ya karkace. Na wanke, na daidaita, muka shiga ruwa. Hoto ya fito tar, har da kifi uku.

Na ce, "Yaya, ga aikin Kanawa!"

Ya sunkuya, ya daɗe yana kallo. "Kai dai ba ka iya komi ba. Har yanzu dishi-dishi take."

Na ɗauka tsokana ce. Na nuna masa lambar zurfin ruwa, ga ta ɓaro-ɓaro, na ce ya karanta. Ya matso, ya ja baya, ya murza ido. Can ya ce, "Wata uku ke nan allunan hanya ma haka nike ganinsu. Ban hwaɗa ma kowa ba. In suka karɓe min permi na tuƙi, da mi zan ci da iyali?"

Ranar ko ƙugiya ba mu jefa ba. Litinin na ɗauke shi da kaina zuwa asibiti, yana ta mita a mota. Likita ya ce ciwon suga ne ya fara taɓa idon, kuma da mun ƙara jinkiri da sai dai haƙuri. Aka yi magani, idon ya tsira, amma tuƙi ya ƙare masa. Bayan shekara guda ya tattara iyalinsa ya koma Gaya. Jirgin kuwa muka bar wa wani maƙwabci, don ni kaɗai ban taɓa yarda da ruwan nan ba.

Abin da har yau yake taɓa ni, wata uku muna zaune kafaɗa da kafaɗa, ina ta fama da wayoyi, ban taɓa ɗaga kai na dubi mutumin da kyau ba. Yanzu yakan kira ni ran Juma'a, ina jin hayaniyar jikokinsa a bayansa. Kafin ya buɗe baki nake tambayarsa, "Yaya, ya idon?"

Sai ya ce, "Alhamdu lillahi, yana ganin abin da ya kamata."