Mariƙin Ƙarfe a Motar Yayana

Da wanke motocin mutane na fara, na koma sayar da tsofaffin tayoyi, yau ga ni da filina a bakin titin Sofoline ina sayar da motoci na hannu. A wannan sana'a na ga samari da yawa sun sayi mota lafiyayya sun kashe ta da kwalliya. Ban taɓa sa baki ba, tunda kowa da abinsa, sai da abin ya shigo gidanmu.

Yayana ya rasu ya bar wata tsohuwar mota mai dogon baya, ruwan toka, wadda ta girmi ɗansa na fari. Bayan matarsa ta fita takaba, sai ga yaron a filina da hantsi. Na ce yaro, amma ya gama karatu, yana aiki, har gemu ya fara ajiyewa.

"Baffa, motar Baba nake so in gyara."

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Tsufa ne kawai."

"Ni ma tsufan ke damuna, ba wanda ya kai ni wurin fita mai gyaran mota."

Ya yi dariya, ya ciro waya ya nuna mini hotuna. So yake a sauke motar har cikinta ya kusa shafar ƙasa, a sa mata faffaɗan tayoyi, a canza salansar hayaƙi zuwa mai ruri, a yi mata baƙin fenti. Daga ƙarshe ya ce, "Kuma wannan mummunan ƙarfen da Baba ya yi walda a bakin ƙofar gaba, a cire shi."

Ƙarfen nan mariƙi ne. Lokacin da gwiwoyin matar yayana suka fara ciwo, shi ya je Magazin, unguwar makanikai, ya sa aka lanƙwasa rodi aka manna a jikin ƙofar da take shiga, don ta kama ta hau, ta kama ta sauka. Na ce wa yaron haka. Ya ce, "Na sani, Baffa. Ai Mma za ta iya kama ƙofa."

Gidansu yana can cikin Moshi Zango, a ƙarshen wani lungu. A bakin lungun akwai gwata, an rufe ta da siminti mai tudu kamar bayan kunkuru. Masu tasi ba sa shiga, a titi suke sauke mutum. Motar yayana ce kaɗai ke haye tudun nan ta tsaya dab da ƙofar gida, domin tana da tsayi. Ita ke kai matar babban asibitin da ke wajen Bantama duk wata. In aka sauke motar, to, matar ce za ta riƙa takawa har titi.

Na je na same ta. Tana zaune a tsakar gida ta miƙe ƙafafu a kan tabarma.

"Yaya, kin ji abin da ɗanki ke shirin yi wa motar?"

"Na ji. Kada ka hana shi."

"To ke fa?"

"Zan lallaɓa. Tun da ubansa ya tafi ban ga haƙoransa ba sai da ya fara zancen motar nan. Ka bar shi ya yi murnarsa."

Na san ba za ta faɗa masa ba. Na kuma san in na ce masa a'a kai tsaye, zai ce to, ya wuce wurin wani fita su yi abinsu a bayan idona. Saboda haka na kira shi na ce na yarda, amma da tsarin da nake bi a kan kowace tsohuwar mota da ta shigo hannuna. Birki ne farko, domin mota mai kyau da ba ta tsayawa makara ce. Sai tayoyi, sai wayoyin wuta, waɗanda a tsohuwar mota sun bushe kamar kara. Na ce kada ya bari kowa ya yanke masa waya ya naɗe da salatif don a sa sifika, motoci da yawa na ga sun ƙone a haka. Na ce duk abin da aka cire ya zuba a buhu ya kai gida, ko noti ɗaya ne, domin kayan motar nan na asali ba su kasuwa yanzu. Kuma ya tsaya a kan aikinsa da kansa, kada ya ajiye makulli ya tafi.

"Sifirin da ke ɗaga motar fa, Baffa? Sun ce yankewa kawai za a yi ta sauka."

"Shi ne na ƙarshe. Fenti ana sakewa, salansa ana mayarwa. Abin da aka yanke ba ya komawa."

Ya bi maganata, aka kai motar gyaran birki. Tana can a kwance ranar asibitin uwarsa ta zo. Ya zo filina neman aron mota. Na ce ya zaɓa. Na san wadda zai zaɓa, wata ja da wani saurayi ya sauke ta ƙasa, ya gaji da ita ya kawo mini. Kullum ya zo sai ya shafa ta. Na riga na gaya wa uwar abin da nake nufin yi, ta ce, "Kai dai ba ka canza ba," amma ba ta hana ni ba.

Na shiga gefensa muka tafi. A titi kam motar daɗi, sai murmushi yake. Da muka iso bakin lungu ya rage gudu, ya ɗora tayoyin gaba a kan tudun, sai muka ji cikin motar ya kartu da siminti. Ya ja baya, ya karkata, ya sake gwadawa. Mai sayar da koko a bakin lungun ta leƙo ta ce, "Ɗana, wannan mota ce ko dutsen guga?"

Ya kashe injin. Muka taka zuwa gida.

Uwar ta fito da sandarta. Na yi niyyar in ce ta koma in kawo wata motar, darasin ya isa haka, amma ta ɗaga mini hannu. Ta dafa kafaɗar ɗanta, suka kama hanya. Lungun ba shi da nisa ga mai ƙafa. Ita kuwa sai da ta tsaya ta huta a dakalin maƙwabta, ta sake tsayawa ta jingina da bango. Ba ta yi ƙorafi ba, gaisawa take da mutane tana tambayar yaransu. Da muka iso motar ya buɗe mata ƙofa. Ta miƙa hannu sama inda ta saba samun mariƙi, hannun ya kama iska. Ta dubi kujerar can ƙasa ta ce, "In na zauna a nan, wa zai tashe ni?"

Shi ya rungume ta ya zaunar da ita, shi ya ɗago ta a asibiti.

Motar ta fito daga Magazin bayan ƙaramar salla. Ya yi mata baƙin fentinsa, tana sheƙi. Ya sa sifikunsa, da wayoyi sababbi. Salansa mai ruri ma ya sa, amma mutanen lungu suka yi masa magana a masallaci, ya zazzage buhunsa ya mayar da tsohuwar. Sifirin bai taɓa ba. Mariƙin kuwa ya sa an goge tsatsarsa, ya kai wa wani baduku ya naɗe shi da jar fata, ɗinki mai kyau.

Ina tsaye a ƙofar gida ranar da ya fara ɗaukar uwarsa a ciki. Motar ta haye tudun ta tsaya inda ta saba. Ta kama mariƙin ta hau da kanta, ta zauna, amma ba ta saki ba. Ta daɗe tana murza fatar da babban yatsa.

"Ubanka bai yi tunanin fata ba," in ji ta. "Da sanyin safiya ƙarfen nan cizo yake."

"Me ya sa ba ki faɗa masa ba, Mma?"

"Ya yi abin da ya iya. Ja mu tafi, kada layi ya yi tsawo."