Binnen da Na Yi a Shekarar Fari

Shekarar da Baba ya rasu ita ce ta biyu da damina ta juya mana baya. Ni ne babba, sai gona ta dawo hannuna, ga mata da 'ya ɗaya, ga Inna mahaifiyata a ɗakinta. Ƙauyenmu yana arewa da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ba dajin da za a kora dabba ta yi kiwo. Shi ya sa tun da rani na kwashe karan gonar kaf na ba awaki. Gawon da ke tsakiyarta ma na sassare rassansa saboda ganyen. Gona ta zama fili fetal.

Ban taɓa ganin bazara irin wannan ba. Da sassafe iska da dama-dama. Hantsi na yi, rana ta gasa turɓaya, sai ƙasa ta shiga mayar da zafin sama. Kana tafe za ka ji shi yana hawowa ta ƙafar wando, har ya fi wanda ke dukan ƙeyarka. Shirwa su yi ta shawagi ba sa ko kaɗa fiffike, hucin ƙasa ne ke ɗaga su. Ko bayan magariba, in ka jingina da katanga sai ka zabura.

Da hadari ya fara leƙowa daga gabas, na ce zan yi binne, in zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Irin geron yana wurin Inna, cikin tulu, ta gauraye shi da toka. Duk yunwar da muka sha ba ta bari an taɓa shi ba.

Ta ce in raka ta gonar tukuna. Muka je bayan la'asar. Ta durƙusa ta tura hannu cikin ƙasa, ta zare shi da sauri.

"Wannan ai kasko ne," in ji ta. "Ka tuɓe mata riga, ba kara ba inuwa. Ka bari ruwa ya sauka sosai ya kashe wutar."

"Inna, kowa ya yi binne. In na jira, za a bar ni a baya."

"Ba mu da wani irin, ka sani."

"Na sani."

Da muka koma gida ta miƙo mini tulun. Kwana biyu na yi da sungumi ina binnewa.

Ran nan da azahar hadari ya haɗu baƙi ƙirin. Muka fito ƙofar gida muna kallo. Da idona na ga ruwa ya sako daga gajimare kamar zare, amma kafin ya iso ƙasa sai ya ɓace. Iska mai zafin da ke tasowa daga gonaki ta shanye shi a hanya. Washegari aka ɗan yi yayyafi, ƙasa ta yi ta tururi, kafin la'asar ta bushe. Wannan ɗan danshin ne ya yaudari irin, ya tsiro.

Tsiron bai yi mako ba. Kullum da rana sai ya kwanta, da yamma ya ɗan ɗago, har ranar da bai ɗago ba. Na tona rami ɗaya na tarar saiwar ta ƙone kamar an zuba mata tafasasshen ruwa. A gonar wani dattijo maƙwabcinmu, wanda ya bar karansa a shimfiɗe, tsiron da ke ƙarƙashin gawonsa yana nan kore. Na daɗe a kan iyaka ina kallonsa.

Da na gaya wa Inna, tana tankaɗen dusa ne. Ta ce, "Allah ya sa haka ya fi alheri," ta ci gaba da aikinta. Da ma faɗa ta yi mini, da ya fi mini sauƙi.

Ruwan kirki bai sauka ba sai bayan kusan wata guda. Ƙanin Inna ya aiko mana da ɗan irin dawa daga wajen Bici, amma lokaci ya ƙure, ba ta nuna ba ruwa ya ɗauke. Da kaka na sayar da awakin na tafi Kano dako. Ina can aka aiko cewa jikin Inna ya tsananta. Na taho a motar farko, na iske an dawo daga maƙabarta.