Sun Ɓata Aikin Sanusi

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Sanusi, kuma har yau ban huce da abokan aikinsa ba.

Sanusi mai rubuta manhaja ne a wani kamfani a Abuja. Aikinsa gina ginshiƙin da sauran masu rubuta manhaja ke ɗora kiran murya da bidiyo a kai. Abin da ya sa ya mayar da hankali kan jinkirin murya kuwa, Innarmu ce. Idan ya kira ta a Gummi ta wayata, sai ta ce ina kwana, amsar ta makara, ta wuce ina gajiya, sannan muryarsa ta faɗo a kan tata. Wata rana ta miƙo mini wayar ta ce, "Wanga yaro ya girma. Sai ya ga dama shi ka amsa gaisuwata."

Maganar ta soke shi. Daga nan ya kafa doka a aikinsa: idan layi ya yi rauni, hoto ya dushe, amma murya kada ta jira. Ba ya gwaji da "halo, halo" irin nasu. Idan ya zo gida, ƙauyen Adabka yake hawa babur ya je, inda layi ya fi wahala, ya kira Inna su gaisa tun daga kwana har gida da iyali da ruwa. Muryoyi suka yi karo ko sau ɗaya, to aiki bai yi ba.

Abokan aikinsa dariya suke masa, wai gwajin ƙauye. Da abin ya yi kyau kuma, kowa ya ce da shi aka yi. Bai shekara a kabari ba suka cire sunansa, suka juya dokar don hoto ya fito tas a talla. Kun ji aikin masu ilimi!

Da zai dawo yau, zai ga fuska rangaɗau, baki na motsi, gaisuwa na biyo baya. Na san ba zai yi faɗa ba, ba halinsa ba ne. Ni halina ne.

Ku mayar da sunansa ko ku bari. Inna ba ta taɓa taɓa kwamfuta ba, amma ta fi ku sanin wanda ya yi aikin. Jiya ta gaida jikarta a waya, aka yi shiru. Ba ta zargi yarinyar da raini ba. Ta kalle ni ta ce, "Sun ɓata aikin Sanusi."