Rana Ɗaya da Durƙusau Bai Durƙusa Ba

Na Allah ne mu, kuma hannunSa za mu koma, mai gaggawa da mai jan ƙafa. Ranar Laraba, goma sha ɗaya ga watan Maris, da hantsi, Allah Ya karɓi ran maƙwabcina a kasuwa, mai sayar da tayoyin mota wanda kowa ya sani da Durƙusau. Tayar baya ce ta fashe da motar hayar da ya shiga, motar ta yi adungure ta faɗa rami. Waɗansu sun ji rauni, shi kaɗai ya cika.

Ni dillalin motoci ne, rumfata tana jingine da shagonsa. Sana'ata magana ce. Na sha sayar da mota mai tari in ce wa mai saye sanyin safiya ne. Amma tun daga ranar nan bakina ya yi nauyi, kuma ba baƙin ciki kaɗai ne ya sa na ɗauki biro ba. Yaya Durƙusau, ƙasar kabarinka ba ta bushe ba aka fara raɗa a layinmu, wai tayar da ta fashe daga shagonka ta fito, ko shekara ba ta yi ba, tana cikin garanti. Wai jabu kake sayarwa, jabun ta biyo ka. Shagon nan shi ne abincin maiɗakinka da na 'ya'yanka. Mai taya kuwa in sunansa ya ɓaci, ko kyauta yake rabawa ba wanda zai ɗora ransa a kan hajarsa. Tun da aka sake buɗe shagon, ƙaninka na zaune yana korar ƙuda. To bari in faɗi abin da na sani.

Ba a banza aka sa maka sunan nan ba. Ba ka gaida mutum sai ka gaida tayarsa. Mota na tsayawa za ka durƙusa, ka shafa haƙoran tayar da tafin hannu, ka leƙa ciki, sannan ka miƙe ka ce sannu da zuwa. Gwiwar wandonka kullum ita ke fara mutuwa, har maiɗakinka ta gaji ta daina faɗa.

Kana cewa taya ba ta cika tsufa ba, kashe ta ake yi. In tsakiyarta ta suɗe gefe na nan, iska ta yi yawa. In gefe da gefe suka cinye tsakiya na nan, yunwar iska ce, ko lodi ya fi ƙarfinta. In gefe ɗaya ne ya tafi, ƙafar motar ta karkace, sai an kai ta saiti. In ta yi tudu da kwari kamar hanyar gona, shokazoba ta mutu. In kuwa wuri guda ne ya goge, sai ka dubi direban ka ce, “Kai da birki akwai tsohuwar gaba ne?”

Ni na fi kowa shan wahalar wannan hali naka. Sai in shafe tayoyin mota da baƙin mai suna ƙyalli, ciniki ya kusa faɗawa, sai ga ka ka fito kamar mai neman wani abu da ya faɗi. Ka durƙusa a gaban mai saye ka ce, “Zaƙin-baki, wannan ai hoda ka shafa wa gawa.” In ce, “Yaya, ka bari in ci abinci mana.” Ka ce, “Ci, amma ba da wuyan bawan Allah ba.” Na yi fushi da kai ba sau ɗaya ba, fushin da ba ya kai azahar. Yau da zan ga ka fito ka ɓata mini ciniki, da na bar motar kyauta.

Akwai wata malamar asibiti da ta zo a firgice, an ce mata sai ta sauya tayoyi huɗu. Ka durƙusa ka duba, ka ce, “'Yata, tayoyinki ba su mutu ba, iska suke nema.” Ka sa geji, ma'aunin iska, ka daidaita iskar, ka mayar da na gaba baya, na baya gaba, ka nuna mata wurin mai saiti. Ta tafi ba ta sayi komai ba. Na ce maka kasuwa ba gidan sadaka ba ce. Ka ce, “Ai za ta dawo, tunda tana da rai.” Ta kuwa dawo daga baya ta sayi tayoyi a wurinka, ran nan ma ta zo gaisuwa.

Maganar garanti kuwa, ba wanda ya kai ka haƙurin bayyana ta. Mutanenmu in suka ji garanti sai su ɗauka duk abin da ya sami taya za a ba su sabuwa. Kai kuwa tun kafin a ɗaura za ka zaunar da mutum a bencin nan naka. Ka ce kamfani alkawarin tafiya ya yi, kilomita kaza. In haƙoran suka cinye bai ɗaya har suka kai ga alamar da ke cikin ramin taya, alhali ba a cika wannan tafiya ba, to za a auna abin da ya rage na alkawarin a sauƙaƙa maka a kan sabuwa. Ba kyauta za a ba ka ba. Kuma sai an ga rasit, an ga shaidar kana kawo ta ana juyawa. Wani ya taɓa zuwa yana kumfar baki da ƙusa a tayarsa, ka ce masa, “Kamfani haƙori ya yi wa alkawari, ɗan'uwa, bai yi wa ƙusa ba. Bai yi wa rami ba, bai yi wa lodi ba.” Sai ka rufe da maganar da muka haddace har muna kwaikwayonka: garanti yana mayar da taya, ba ya mayar da mutum.

Da yake ka san mutanenmu da ɓatar da takarda, kana da naka tsarin. Ranar da ka sayar da taya za ka ɗiga mata ɗigon fenti rawaya a gefenta na ciki. Duk sanda aka kawo ta juyi da duba iska, ka ƙara ɗigo. Juyin kyauta ne. Burinka kawai mutum ya dawo ka ga tayarsa da idonka.

Da raɗar nan ta ishe ni, sai na tafi filin da aka jawo motar aka ajiye. Na durƙusa da rigata mai kyau, abin da ban taɓa yi wa mota ba. Gaskiya ne, tayar taka ce. Amma ɗigo ɗaya ne a jikinta, na ranar saye. Gefenta biyu sun suɗe har waya ta fito, haƙoran tsakiya kuwa suna nan daram kamar jiya aka ɗaura ta. Ko ni da nake sauraronka da rabin kunne na karanta: yunwar iska da lodi.

Daga can na wuce asibiti wurin direban, ƙafarsa a ɗaure. Ban ɗaga masa murya ba, ko buƙatar haka ba ta taso ba. Ya ce, “Wallahi Baba ya sha ce mini in kawo ta, kullum sai in ce bari in sauke wannan lodin. Iskar ma da ƙafa nake bugawa in ji.” Sannan ya ce, “Ranar da na ga ya shiga bai durƙusa ba, har daɗi na ji a raina, na ce yau na tsira daga faɗa.” Ya juya fuskarsa bango yana kuka. Ya ce duk wanda ya tambaye shi zai faɗi haka. Allah Ya ba shi lafiya, ba na neman kowa ya tsine masa.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda aka yi Durƙusau ya shiga mota bai durƙusa ba. Maiɗakinka ce ta warware mini. Waya aka yi maka cewa 'yarka ta fari ta sauka a wani gari bayan doguwar naƙuda, an sami namiji, jikanka na farko. Ka bar gejinka a kan tebur, ka fita kana taka bayan takalmi. A tasha aka ce saura mutum ɗaya, ka faɗa ciki kana dariya kana gaya wa mutanen da ba ka sani ba cewa ka zama kaka. Shekara da shekaru kana durƙusa wa tayar kowa. Rana ɗaya murna ta sa ka manta, ranar ce kuma aka rubuta.

Na ɗauko tayar na jingine ta a ƙofar shagonka. Duk mai raɗa ya zo ya durƙusa ya duba, ba sai ya yarda da bakin dillali ba. Ƙaninka ya ce duk tayar da ke ɗauke da ɗigonka a kawo ta, juyi yana nan kyauta kamar da. Jiya malamar asibitin nan ta kawo motarta, ita ce ta farko. Ƙaninka ya ɗauki gejinka, ya durƙusa.

Allah Ya jiƙanka, Yaya. Allah Ya gafarta maka, Ya haskaka makwancinka, Ya sa rayukan da ka tsare da gwiwarka su zame maka nauyi a mizani. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinka, da ƙaninka, da 'ya'yanka, da duk mutanen layinmu. Ke kuma 'yata mai jego, kada ki ɗora wa kanki komai, mahaifinki da dariya ya shiga motar nan. Allah Ya ba ku haƙuri, Ya raya yaron da kakansa ya yi gaggawar gani bai gani ba. Idan tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani. Amin.