Rabona a Gayyar Citta

Tun ina yarinya akwai wani ɗan rami a ƙarshen bayana, da 'yan gashi a kai. Mahaifiyata takan ce nan ne Allah ya dafa da yatsa da ya gama gina ni. Ba ya ciwo a lokacin. Sai bayan haihuwata ta huɗu ciwon ya zo ya zauna, daga ƙugu ya gangara kwatangwalon hagu, wani lokaci har ƙafar ta yi kamar ba tawa ba.

A ƙauyenmu, kusa da Kafanchan, mata muna gayyar citta. Yau gonar wannan, gobe ta waccan. Ciyawar citta da hannu ake cire ta, a sunkuye, don fartanya tana yanke saiwa. Doka ɗaya ce: wadda ba ta sunkuya a gonar wasu ba, ba za a sunkuya a tata ba. Maigidana yana gadi a Sabon Tasha, ba kullum yake gida ba. In gayya ta tsallake ni, ciyawa za ta cinye mana abincin shekara.

Wata damina na sunkuya a gonar maƙwabciyata, na kasa miƙewa. A kan babur aka kai ni asibiti, aka ɗauki hoton bayan. Likitan ya ɗaga hoton wajen taga ya nuna mini.

"Mama, kin ga nan? Wannan ƙashin bai gama rufewa ba tun kina ciki. Mutane da yawa suna da shi, ba su ma sani ba. Ke dai ki rage dogon sunkuyo da ɗaukar kaya a ka."

Ya faɗi sunan abin da Turanci, ban riƙe ba. Ya koya mini motsa jiki da zan riƙa yi a kan tabarma.

Ranar zumuntar mata a coci, bayan addu'a, na tashi na faɗa musu abin da likita ya ce a hankali. Maƙwabciyar tawa, mai baki ce amma ba ta da mugunta, ta tafa hannu.

"Ƙashin da bai rufe ba shi ya goya yara huɗu? To ni a ɗauki hoton nawa, wataƙila babu ƙashin ma gaba ɗaya!"

Aka yi ta dariya, har da ni. Amma wata ta ce, in an ɗaga wa mutum ɗaya, gobe kowa zai zo da hotonsa. Gaskiya ta faɗa, ban ji haushi ba.

Uwar zumunta, shugabarmu, tsohuwar malamar firamare, ta dube ni. "'Yar'uwa, hannunki lafiya?"

Na ce lafiya lau.

"To bayan tono, tsaga cittar kowa don shanya a kanki yake. A zaune ake yi. Kun yarda?"

Aka fara ƙus-ƙus, domin tono da sauran watanni, ciyawata kuwa ba za ta jira ba. Sai maƙwabciyar ta ce, "A je mata. In ta gudu, na san gidanta."

Suka je. Da kaka ta yi, buhuna suka cika tsakar gidana. Nakan zauna a kujera, bayana jingine da bango, wuƙa a hannu, in tashi in taka kaɗan in ƙugu ya yi magana. Yatsuna suna zafi da yajin citta har lokacin barci. Ciwon bai tafi ba, yana nan. Haka muke yi kowace shekara, bana ma sun cire mini ciyawa.